Ganye da Ganga: Tarihin Waƙoƙin Wiwi a Jamaika

Mutanen Jamaika ba su kai miliyan uku ba, amma da wuya a ambaci tabar wiwi a ko'ina cikin duniya sunan tsibirin bai biyo baya ba. Mawaƙansa ne suka jawo masa wannan suna. Gaskiya ne wasu sun riga su: a 1928 Louis Armstrong, mabushin nan na Amurka, ya raɗa wa wani kiɗansa sunan da 'yan titi ke kiran wiwi da shi, kuma a 1930 aka kama shi da ita a Kalifoniya. Sai dai waƙoƙin Amurka na wancan zamani na nishaɗi ne, cikin zaurance da habaici. A Jamaika ne waƙar wiwi ta fito fili ta zama addini, ta zama ƙara a kan hukuma. Wanda ke son sanin dalili sai ya koma gonakin rake.

Daga 1845 zuwa 1913: zuwan ganye da zuwan doka

Ingila ta soke bauta a Jamaika a 1834, bayi suka sami cikakken 'yanci a 1838. Da yawansu suka juya wa gonakin rake baya, suka haura tsaunuka suna noman abin kansu. Masu gonaki suka rasa ma'aikata, sai gwamnatin mulkin mallaka ta shiga kwaso 'yan ƙodago daga Indiya bisa yarjejeniyar shekaru. Jirgin farko ya iso a 1845, kuma kafin a daina a 1917 an kawo mutum sama da 36,000. Akwai masu cewa bayin Afirka sun san ganyen tun kafin nan, amma rubutattun shaidu sun fi nuna Indiyawan nan. Su ne suka zo da irin, da lofen yumɓu da ake zuƙa da shi, da sunan ganja, da kuma al'adar haɗa shan ganyen da ibada.

A gona ɗaya Ba'indiye da baƙar fata suke sara, rana ɗaya ke dukan su. Ba a jima ba ganyen ya ratsa ƙauyuka. Ma'aikaci yakan zuƙa kafin ya kama aiki mai nauyi, tsofaffin mata su dafa shi kamar shayi, ko su jiƙa shi a barasa su ajiye don zazzaɓi da mura. Abin talaka ne tun daga tushe, kuma wannan ne ya yanke masa makoma. A 1913, da goyon bayan majami'u da manyan gari, aka kafa dokar hana nomansa da shigo da shi. An ƙara tsananta ta a 1924, aka sake a 1941. Barasar rake, wadda masu gonaki ke sarrafawa suna sayarwa, tana nan halal ɗinta a idon doka. Talakan Jamaika ya ga wannan bambanci da idonsa, kuma shi ne ƙorafin da jikokinsa suka yi ta maimaitawa a faifai bayan shekara sittin.

Daga 1930 zuwa 1954: Habasha, Howell da Pinnacle

Ranar 2 ga Nuwamba 1930 aka naɗa Ras Tafari Makonnen sarautar Habasha, ya ɗauki sunan Haile Selassie. Ana cewa Marcus Garvey, ɗan Jamaika mai kiran baƙar fata su ɗaga kai, ya taɓa gaya wa jama'a su zuba ido Afirka, inda za a naɗa baƙin sarki mai ceto. Wannan magana a bakin mutane take yawo, ba a tabbatar da ranar da ya faɗe ta ko wurin ba. Abin da yake a rubuce shi ne wasu masu wa'azi a Kingston sun tashi suna cewa sabon sarkin shi ne mai ceton da aka alkawarta. Shi kuwa Selassie Kirista ne ɗan cocin Otodoks, bai taɓa da'awar allantaka ba.

Fitacce a cikin masu wa'azin shi ne Leonard Howell. A 1934 aka ɗaure shi shekara biyu kan tunzura jama'a su bijire wa Sarkin Ingila. Da ya rubuta ɗan littafinsa, sunan Indiyawa ya sa a bango, G. G. Maragh, abin da ke nuna yadda al'adun biyu suka cuɗanya. A 1940 ya kafa sansanin Pinnacle a tsaunukan St. Catherine, inda ɗaruruwan mabiya suka zauna suna noman doya da rogo da wiwi, wiwin kuma ita ce ke kawo kuɗi. A irin waɗannan sansanoni ganyen ya sami matsayin ibada. Ana zama da'ira, a yi addu'a, a kunna lofe ya zagaya, a yi ta muhawara kan Littafi da halin baƙar fata. 'Yan Rasta, wato mabiya wannan aƙida, suna kafa hujja da ayoyin Farawa da Zabura masu ambaton tsirrai. Suna kuma cewa ganyen ya fara tsirowa ne a kan kabarin Annabi Sulaiman. Wannan zance ne na baka a tsakaninsu, babu shi a Attaura, babu shi a wani littafin tarihi.

'Yan sanda sun kai wa Pinnacle samame a 1941, suka dawo a 1954 suka tarwatsa shi. Hukuma ta ɗauka ta kashe maciji, ashe ba ta sare kansa ba. Mutanen da aka kora suka gangaro unguwannin talakawa na yammacin Kingston, Back-o-Wall da Trench Town, da aƙidarsu da gangunansu da ganyensu. A daidai waɗannan unguwanni ne, cikin 'yan shekaru kaɗan, sana'ar faifai ta Jamaika za ta tsiro.

Daga 1960 zuwa 1968: ganga ta shiga situdiyo, mawaƙa suka shiga kurkuku

A 1960 Prince Buster ya kai Count Ossie, makaɗin gangar Rasta, situdiyo don ya yi wa 'yan uwan Folkes kiɗa a waƙar "Oh Carolina". Kafin nan masu hali ba sa ko son jin gangar Rasta a kusa da gidajensu. Faifan ya karɓu a wuraren rawa, ƙofa ta buɗe.

Jamaika ta sami 'yancin kai ranar 6 ga Agusta 1962, amma ɗan Rasta bai ga canji ba. A Afrilun 1963 rikici ya ɓarke a Coral Gardens kusa da Montego Bay, aka ƙona gidan mai, mutum takwas suka mutu, biyu daga ciki 'yan sanda. Gwamnatin Alexander Bustamante ta saki jami'an tsaro, aka kama 'yan Rasta sama da 150, aka yi musu duka, aka aske musu gashi da ƙarfi. Ana ruwaito cewa Bustamante ya ce a kawo su a raye ko a mace. Bayan haka aka ƙara wa dokar wiwi ƙarfi, har ya zama wanda aka samu da ita wata goma sha takwas ne mafi ƙarancin hukuncinsa, alƙali ba shi da ikon sassautawa. Dokar ta zama sanda a hannun ɗan sanda: duk wanda ake son ɗaurewa, ya isa a ce an sami naɗi ɗaya a aljihunsa.

Ranar 21 ga Afrilu 1966 Haile Selassie ya sauka a Kingston. Dubun dubatar jama'a suka mamaye filin jirgi da ganguna da lofe, har sarkin ya kasa saukowa sai da aka nemo Mortimo Planno, wani dattijon Rasta, ya lallashi taron. Rita, matar Bob Marley, tana cikin masu kallo a gefen hanya. Ta ce ta ga tabon ƙusa a tafin hannun sarkin, kuma daga ranar ta ba da gaskiya. Wannan shaidarta ce ita kaɗai. Mijinta yana Amurka yana aikin leburanci a lokacin, da ya dawo ya kama zuwa wurin Planno.

A shekarar ce kuma Toots Hibbert, bayan ya lashe gasar waƙa ta ƙasa, aka kama shi da laifin wiwi aka ɗaure. Har ya mutu a 2020 yana cewa sharri aka yi masa. Da ya fito ya yi waƙar da aka fi sani da "54-46" a 1968, lambar fursuna ce sunanta, labarin kamun ne a cikinta. A 1967 Bunny Livingston, na uku a ƙungiyar Wailers tare da Marley da Peter Tosh, shi ma ya shiga, ya yi wata goma sha huɗu. Don haka idan aka ji mawaƙan wannan zamani suna kukan doka, abin da ya same su ne da abokan zamansu suke faɗa.

Daga 1970 zuwa 1978: Marley da Tosh, hanya biyu

Kiɗan ska mai sauri ya lafa ya zama rokstedi, shi kuma ya haifi rege wajen 1968, kiɗa mai nauyin gindi da tafiyar hawainiya. Wailers suka yi aiki da furodusa Lee Perry a 1970 da 1971, a nan Marley ya fara naɗar "Kaya", waƙar yabon ganye cikin sanyin murya. A 1973 kamfanin Island na Chris Blackwell ya fitar da kundinsu Catch a Fire. Bugun farko an yi masa kwali mai siffar ƙyastu, na baya kuma aka sa hoton Marley yana zuƙar ƙaton naɗi. Blackwell yana neman matasan Turai da Amurka masu sauraren rok ne, kuma ya san abin da zai ja su. Daga wannan hoto wiwi ta zama tambarin rege a kasuwar duniya. A ganina a nan aka fara yi wa waƙoƙin illa, domin mai saye a Landan ya ga hayaƙin, bai ga kurkukun da ke bayansa ba.

Peter Tosh ya bar ƙungiyar bayan wannan, yana ganin an fifita Marley. Dogo ne, mai kaifin harshe, wanda 'yan sanda suka riga suka sha duka. A 1975 ya fitar da "Legalize It", kira kai tsaye ga gwamnati ta halatta ganyen. Babu zaurance, babu ɓoye-ɓoye. Ya lissafa masu mutunci da ke sha a asirce, likitoci da alƙalai da lauyoyi, don ya nuna talaka kaɗai ake kamawa. Gidajen rediyon Jamaika suka hana sa waƙar, hanin kuma ya ƙara mata farin jini, domin manyan lasifikokin da ake kafawa a unguwanni ba sa neman izinin kowa. Kundin ya fito a 1976, da hoton Tosh zaune a tsakiyar gonar wiwi da lofe a baki.

Dole a tsaya a kan wannan waƙa, don gaskiya da kuskure suna tare a cikinta. Maganarsa kan rashin adalcin doka gaskiya ce, tarihi ya tabbatar masa. Har ta fuskar magani akwai abin dubawa: likitoci biyu 'yan Jamaika, Manley West da Albert Lockhart, sun fitar da maganin ɗigawa a ido mai suna Canasol daga ganyen, don rage hawan jinin ido. Amma Tosh ya wuce nan, ya ce ganyen na maganin asma da tarin fuka, alhali hayaƙi ba ya gyara huhu. Haka nan shi da sauran mawaƙan ba su yi waƙar yaron da ya fara sha tun yana ɗan shekara goma sha uku ya bar makaranta ba, ko wanda shan ya taɓa wa hankali. Binciken likitoci ya nuna yawan sha tun da ƙuruciya yana ƙara haɗarin taɓin hankali, musamman idan ganyen mai ƙarfi ne. Mawaƙan sun tsaya wa mashayin da ɗan sanda ya zalunta, amma uwar da ke kallon ɗanta yana lalacewa ba ta sami mai yi mata waƙa ba.

Siyasa ta yi zafi a lokacin. Michael Manley na jam'iyyar PNP, wanda gwamnatinsa ta soke hukuncin dole na wata goma sha takwas bayan ta hau a 1972, yana fafatawa da Edward Seaga na JLP, kowanne da 'yan bangarsa masu bindiga. Ranar 3 ga Disamba 1976 aka harbi Marley a gidansa na Hope Road, ya tsira, ya tafi Landan. A can ma aka kama shi da wiwi a 1977, kotu ta ci shi tarar fam 50. A Maris 1978 ya fitar da kundin Kaya, masu suka suka ce ya yi laushi, ya bar gwagwarmaya ya koma soyayya da hayaƙi.

Ranar 22 ga Afrilu 1978 aka yi babban wasan sulhu a filin wasa na ƙasa a Kingston. Abin da duniya ta riƙe daga daren shi ne Marley ya kira Manley da Seaga kan dandamali ya haɗa hannuwansu. Kafin nan Tosh ya riga ya hau. Ya kunna naɗinsa a gaban shugabannin biyu da manyan 'yan sanda, ya tsayar da kiɗa, ya daɗe yana zazzaga musu magana kan dokar wiwi da dukan talaka da mulkin da bai canja ba tun zamanin Turawa. Bayan wata biyar, a Satumba, 'yan sanda suka kama shi da guntun naɗi a Half Way Tree, suka shigar da shi caji ofis suka yi masa dukan kawo wuƙa. Ya fito da karyayyen hannu da rotsattsen kai. Shi da magoya bayansa sun tafi a kan cewa ramuwar jawabin Afrilu ce. Bai ja da baya ba, a shekarar ya fitar da Bush Doctor a kamfanin Rolling Stones, yana maimaita kiran.

Daga 1980 zuwa 1987: jirage a kan gonaki

Zuwa ƙarshen shekarun 1970 wiwi ta zama babbar hajar fita waje a ɓoye, ƙananan jirage na sauka a ƙauyuka suna kwasa zuwa Fulorida. Tun 1974 Amurka ta fara taimaka wa Jamaika ƙona gonaki. Bayan zaɓen 1980, wanda aka kashe mutum kusan 800 a rikicinsa, Seaga ya hau, ya ƙulla zumunci da Ronald Reagan, ƙone-ƙonen ya ƙaru. Waƙoƙin suka koma bakin manomi. Black Uhuru sun fitar da Sinsemilla a 1980. A 1983 John Holt, wanda aka sani da waƙoƙin soyayya masu taushi, ya yi "Police in Helicopter", inda manomi ke gargaɗin cewa in aka ci gaba da ƙona masa gona, rake ma ba zai tsira ba. Tsohuwar gabar 1913 ce ta dawo, ganyen talaka da raken mai kuɗi.

Wani abu ya faru a Ingila da ke nuna iyakar kasuwa. Mighty Diamonds sun yi waƙar miƙa lofe a 1981. A 1982 wasu yara 'yan Birmingham, Musical Youth, suka sake ta, aka cire lofen aka sa tukunyar girki, "Pass the Dutchie", ta hau matsayi na ɗaya a Ingila.

Marley bai ga wannan ba. Ya rasu ranar 11 ga Mayu 1981 a Mayami yana da shekara 36. Masu cewa wiwi ce ta kashe shi sun yi kuskure, sankarar fata ce da ta fara daga ɗan yatsan ƙafarsa ta bazu. An ruwaito cewa an binne shi da jitarsa da Littafi da reshen ganye. A Najeriya da Gana har yau akwai matasan da ke mayar da 11 ga Mayu ranar shan wiwi da sunansa, da yawansu ba su san Pinnacle ko Coral Gardens ba. Najeriya ma tana da nata labarin: dokar soja ta 1966 ta tanadi shekara goma ga mai sha, kuma kamun da aka yi wa Fela Kuti a Legas a 1974 shi ya haifi kundinsa Expensive Shit a 1975.

A tsibirin kuwa, hodar ibilis ta fara ratsawa daga Kolambiya zuwa Amurka, ta zo da manyan bindigogi da kuɗin da wiwi ba ta taɓa kawowa ba. A 1985 Wayne Smith da furodusa King Jammy suka fitar da "Under Mi Sleng Teng", da kiɗan da aka ciro daga ƙaramar na'urar Casio. Wannan faifai ya juya kiɗan Jamaika zuwa na kwamfuta, ya rage wa makaɗan situdiyo aiki, kuma waƙar wiwi ce mai ƙyamar hodar. Ranar 11 ga Satumba 1987 'yan bindiga uku suka shiga gidan Tosh a Kingston suna neman kuɗi, suka harbe shi da baƙinsa biyu. Jagoransu, Dennis Lobban, tsohon fursuna ne da Tosh ya taɓa taimaka wa. Tosh ya mutu yana da shekara 42, dokar da ya yaƙa tana nan daram.

Daga 1992 zuwa yau

Tutar ta koma Amurka. Dr. Dre ya sa wa kundinsa na 1992 sunan wani nau'in wiwi mai ƙarfi, The Chronic, Cypress Hill ma suna da nasu, Snoop Dogg ya gina rabin sunansa a kanta. A hannunsu ganyen alamar jin daɗi ce da wadata, addinin ya zube a hanya. Da Snoop ya je Jamaika a 2012 ya ce ya zama Rasta, Bunny Wailer, wato Bunny Livingston na Wailers, ya karɓe shi da farko, daga baya ya zarge shi da amfani da aƙidar don tallar faifai.

A gida, kwamitin ƙasa ƙarƙashin Farfesa Barry Chevannes ya ba da shawara a 2001 a daina ɗaure mai ɗan abin shansa. Gwamnati ta ajiye rahoton, tsoron fushin Amurka na cikin dalilai. A 2012 aka ba Tosh lambar girmamawa ta ƙasa, shekara ashirin da biyar bayan kisansa. Sai a Agustan 2014 aka kama wani matashi mai aikin gini a Montego Bay da naɗi ɗaya, aka yi masa duka a inda ake tsare da shi, ya mutu ranar 6 ga wata, ranar bikin 'yancin kai. Ƙasa ta ɗauki zafi. A lokacin jihohin Kolorado da Washinton na Amurka sun riga sun halatta ganyen, hujjar tsoro ta raunana. Ranar 6 ga Fabrairu 2015, ranar da Marley zai cika shekara 70, majalisar dattawa ta amince da gyaran doka, ya fara aiki a Afrilu. Wanda aka samu da abin da bai wuce oza biyu ba, wato wajen giram 56, tarar dalar Jamaika 500 zai biya, ba kurkuku. Kowane gida na iya shuka tushe biyar, 'yan Rasta kuma an yarda su yi amfani da shi a ibadarsu. A 2017 Firayim Minista Andrew Holness ya nemi gafarar 'yan Rasta kan Coral Gardens a gaban majalisa.

Sayarwa ba lasisi har yanzu laifi ne, lasisin kuma yana buƙatar takardar mallakar fili da shinge da kyamarori da kuɗin rajista, abubuwan da manomin Westmoreland ko St. Ann da aka yi shekaru ana ƙona wa gona ba ya da su. Bankunan ƙasar suna ɗari-ɗari da kuɗin wiwi, don hulɗarsu ta dogara da bankunan Amurka, inda dokar tarayya ba ta sake ta ba. Manyan masu jari, da yawansu daga Kanada da Amurka, su suka fara shiga. Iyalan Marley sun ƙulla yarjejeniya a 2014 da Privateer Holdings, wani kamfani na birnin Siyatil, kuma a 2016 aka fara sayar da wiwi mai suna Marley Natural a shagunan Kalifoniya, ganyen da aka noma a Amurka.